Kafin a sake raba wa baƙi daloli a Legas, a zo a auna mana hanyar ƙauye

1/ Jama'a, duk shekara in aka gama gudun fanfalaki na Legas sai tambaya ɗaya ta cika mana waya: wai me ya sa kullum 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe kuɗin? Wani ya ce jininsu ne, wani ya ce yunwa ce ke koro su. Ni ma ina da tawa amsar, kuma tana da ɗan tsawo. Ku gyara zama. 🧵

2/ Amsata ita ce hanya. Hanyar ƙauye ta jar ƙasa, mai hawa da gangara, wadda mutum zai yi kilomita 20 a kanta babu motar da ta danna masa hon. Su sun mayar da irin wannan hanyar makaranta. Mu ma muna da ita a Filato da Mambila, amma ko tsawonta ba mu taɓa aunawa ba.

3/ Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A 2016 aka fara tseren Legas ɗin nan na yanzu. Abraham Kiptum na Kenya ne ya ci na farko, ya dawo ya ci na biyu, kuma dala dubu 50 ake ba wanda ya zo na ɗaya a lokacin. Daga nan zuwa yau, maza da mata, kusan duk wanda ya ɗaga kofin a tsaunukan Gabashin Afirka aka haife shi.

4/ Akwai kyauta daban da aka ware wa 'yan gida, don kada a tashi hannu rabbana. To ku je ku duba sunayen da suka riƙa cin ta: Iliya Pam, Emmanuel Gyang, Deborah Pam, Gideon Goyet. 'Yan Filato ne. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, amma in aka zo dogon gudu jiha ɗaya ce ke fitar da mu kunya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya tsaya ya ce, me ke can?

5/ Kuma kada mu ruɗi kanmu, har su ɗin da sauran tafiya. Bajintar da Abbas Mohammed ya kafa wa Najeriya a fanfalaki, awa 2 da minti 16, tun 1990 ce, ta haura shekara talatin tana jiran mai karya ta. Marigayi Kelvin Kiptum (wani Kiptum ɗin ne daban) ya yi 2:00:35 a Chicago a 2023. Wato da tare suka tashi, lokacin da Kelvin zai taka layin ƙarshe namu yana baya da kusan kilomita 5.

6/ Yanzu mu leƙa inda ake ƙera mutanen nan. Iten wani ƙaramin gari ne a yammacin Kenya, a bakin gangaren kwarin Kerio, tsayinsa daga teku wajen mita 2,400. In ka kalli bidiyonsa za ka yi mamakin rashin abin mamaki a cikinsa. Gonakin masara, shanu, yara masu tafiya makaranta, sai jajayen hanyoyi da suka ratsa ko'ina.

7/ Da asuba waɗannan hanyoyin ke cika. Ranar Alhamis kuwa akwai wani atisaye da ya yi suna, mutane su taru da yawa a mararraba, wani ya faɗi tsarin ranar, misali minti ɗaya da ƙarfi minti ɗaya a hankali, a danna agogo a tashi. Ba tikiti, ba ƙofar shiga. Zakaran duniya da yaron da jiya ya baro gonar babansa ƙura ɗaya suke sha.

8/ Abin da ya fi burge ni shi ne, filin tsere na roba irin na zamani bai zo Iten ba sai wajen 2014, da ƙoƙarin Lornah Kiplagat. Kafin nan filin ƙasa na Kamariny suke zagayawa. Garin ya riga ya tara lambobin zinare tun kafin ya ga roba.

9/ Shi kansa mutumin da ake kira uban gudun garin, Colm O'Connell, ɗan Ayaland ne da ya zo makarantar St. Patrick a 1976 don ya koyar da labarin ƙasa. Bai zo da takardar koci ba. A hannunsa David Rudisha ya fito, wanda ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Malamin sakandare fa.

10/ Habasha ma haka. Bekoji, a yankin Arsi, wajen mita 2,800. Daga wannan ɗan garin da kewayensa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinare a mita 10,000 a Barcelona a 1992, da Kenenisa Bekele, da Tirunesh Dibaba. Wanda ya fara horar da su, Sentayehu Eshetu, shi ma malamin motsa jiki ne a makaranta. A cikin dajin itatuwan turare yake sa yara gudu, layi ɗaya, suna karkaɗawa tsakanin bishiyoyi.

11/ Itatuwan turare. Duk wanda ya san Jos ya san muna da su har sun yi mana yawa. 😅

12/ To me hanyar tudu da gangare take yi wa jiki da kwalta miƙaƙƙiya ba ta yi? In kana hawa, cinya da sha-raɓa ne ke ɗaukar nauyinka gaba ɗaya, zuciya ta ƙara bugu ko ba ka ƙara sauri ba. In ka juyo gangara, ƙafa ta koyi saurin sauyawa, gaban cinya ya koyi riƙe birki. Ba sai koci ya hura usur ba, ƙasar ce da kanta ke ce maka yanzu wahala, yanzu hutu.

13/ Sannan ƙasa ba ta da shafe ɗaya. Nan tsakuwa, can yashi, gaba kaɗan ramin da ruwa ya ci. Kowane taku daban yake sauka, idon sawu yana ta aiki. Wanda ya saba da kwalta kawai, ranar da ya fara shiga irin wannan hanyar washegari zai ji ciwo a wuraren da bai san yana da su ba.

14/ Akwai kuma maganar yawa. Eliud Kipchoge, a sansaninsu na Kaptagat, yakan haɗa wajen kilomita 200 a mako in yana shirin tsere, kuma mafi yawansa a hanyoyin ƙasa na daji da gonaki. Masu gudu da yawa za su gaya maka ƙafarsu ta fi saurin warwarewa in a ƙasa suka yi dogon zango. Ni dai da nake ɗan taɓa 40 zuwa 50 a mako, gwiwata tana gane bambancin tun kafin a gaya mata.

15/ Na san masu ilimin abin za su ce, malam ka bar babban dalili, tsayin ƙasa. Ban bar shi ba. Can sama iskar da kake shaƙa ba ta ba jini oksijin kamar ta ƙasa, sai ƙoda ta saki wani sinadari da ke sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. In ka sauko Legas ko Landan da wannan jinin, ka zo da guzuri.

16/ Kuma a nan dole a faɗi gaskiya: Jos ba Iten ba ce. Jos wajen mita 1,200 take, rabin Iten ke nan. Ƙololuwar duwatsun Shere ma 1,829 ce. Masu horo sun fi neman tsakanin 1,800 da 2,500. Duk wanda ya ce maka Filato daidai take da Kenya a tsayi, son gida ne ya ɗebe shi.

17/ Mambila ta fi kusa. Tsaka-tsakinta wajen mita 1,600, wasu sassan sun kai 1,800 ko sun haura, kuma Chappal Waddi, wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a can yankin yake. Ga ciyawa shimfiɗe a kan tuddai kamar an yi musu aski, ga gonar shayi a Kakara. Sai dai kafin ka isa Gembu daga Jalingo ka ci kwakwa. Filato kuwa tana da abin da ba a saya da kuɗi, wato mutanen da sun riga sun ɗauki gudu sana'a.

18/ Ga kuma sanyi. Ƙarfe shida na safe a Jos cikin hunturu sai ka sa rigar sanyi kafin ka fita. Ɗan Sakkwato ko Maiduguri da ke son yin kilomita 25 a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Zafi kaɗai ya isa ya hana mutum tara zangon da ake buƙata, ko da huhunsa na doki ne.

19/ Bari in ɗan zagaya da ku, don wasu sun ɗauka Jos ita ce Taminus da Ahmadu Bello Way. Ka fita ta Lamingo ka nufi gindin Shere, cikin 'yan mintoci gari ya ƙare, sai duwatsu jibge kan juna kamar da hannu aka ɗora. Ka yi kudu wajen Vom da Kuru, fili ne mai kumbura yana sauka, kana hango mutum tun yana ɗan tsito.

20/ In ka wuce Mangu ka kama hanyar Pankshin, wajen Panyam da Kerang akwai tsofaffin duwatsun aman wuta da suka mutu, masu siffar tulu a kife, ƙasar wurin ja-wur mai taushi. Gonakin dankalin Turawa, masara, acca, gidaje kewaye da shingen ƙerana. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan nan, wallahi in ka ɗauki hotonsu ka ce Eldoret ce ba mai musa maka.

21/ Mu 'yan kaɗan ne muke fita, bakwai in an cika, yawanci ɗalibai. Ranar karatu a cikin gari muke ɗan zagayawa kafin lacca. Asabar ce muke haɗa kuɗin keke ya kai mu bakin gari mu shiga ƙauye. A nan na gane ainihin matsalar, kuma ba takalmi ba ne, don kambas na gwanjo a Katako ana samu daidai aljihu.

22/ Matsalar ita ce duk hanyoyin a cikin kan mutane suke. Mutum ɗaya ne ya san cewa in ka wuce gadar katako ka karya dama za ka ɓullo bayan makarantar firamare. Sunayensu ma a bakinmu kawai suke: "ta gidan karnuka", "ta mai kunu", "doguwar". Ranar da wannan mutumin ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, hanyar ta bi shi.

23/ Kuma babu wanda ya san tsawonsu na gaskiya. Wani ya ce 15 ce, wani ya rantse 18 ce. Na ga yara masu gudu da gaske, waɗanda in suka wuce ka sai ka ji kamar a tsaye kake, amma ba su da agogo, ba su san ko minti nawa suke cin kilomita ba. Yaron da bai san lokacinsa ba, ta yaya zai san ya ci gaba? Ta yaya wani koci a waje zai ɗauke shi da muhimmanci?

24/ Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Jami'o'in Amurka suna ɗaukar yaran Kenya karatu kyauta saboda gudu, kuma abin da suke fara tambaya lokaci ne, a kan zangon da aka auna. "Yana da gudu sosai" ba ta shiga fom.

25/ To me ake nufi da a auna hanya? Wayar da ke hannunka tana da GPS. Ka bi hanyar sau uku da Strava ko makamancinta, ka ɗauki tsaka-tsaki. In da hali a bi da keken awo irin na masu safiyo don a tabbatar. Kowace kilomita a shafa lamba da fenti a jikin dutse. A ɗora ta a OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa kyauta, don yawancin hanyoyin ƙauyenmu babu su a taswirar waya.

26/ Sai a rubuta abin da taswira ba ta faɗa. Ina rafi ke kawowa a watan Agusta har ba a ƙetarewa? Ina ne laka ke cire wa mutum takalmi? Wane gida ne ke sakin karnuka kafin gari ya waye? Ina rijiyar burtsatse? Wace rana ce kasuwa, da babura ke cika hanya? Ina tsofaffin ramukan kuza suke, waɗanda ruwansu ke kwance lumui kamar ba komai alhali zurfinsu ya wuce tunani?

27/ Amma kafin fenti, kafin waya, gaisuwa. A je wurin mai unguwa ko dagaci da rana tsaka, a zauna, a ce ranka ya daɗe mu ɗalibai ne, muna so mu riƙa wucewa ta nan duk Asabar da safe, ga fuskokinmu. Wannan ziyarar ta fi duk wata manhaja amfani, kuma yanzu zan faɗi dalili.

28/ A ƙasar nan mutum ba ya gudu haka kawai. Tun muna yara, in aka ga babba na gudu tambayar ita ce "lafiya?" ko "me ya koro ka?" A cikin gari abin dariya ne. A ƙauyen da aka taɓa kai wa hari da dare, baƙuwar fuska a guje da duku-duku ba abin dariya ba ne ko kaɗan. Ihu ɗaya ya isa, kuma duk mun san yadda irin wannan ihun ke ƙarewa.

29/ Ba zan yi muku zaren yawon buɗe ido in ɓoye wannan ba. Wuraren da na lissafa da daɗin baki ɗazu, su ne dai kuke ji a labarai. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe mutum fiye da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba an kashe fiye da ashirin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

30/ Tun rikicin 2001 Jos ta rabu unguwa-unguwa, kowa ya san layukan ko da ba a zana su ba. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma in muna tsara hanyar Asabar akwai lissafin da muke yi wanda ɗan Iten ba ya yi: ta nan wane zai shiga gaba, ta can wane zai yi magana in an tsayar da mu. Akwai makonnin da ba ma fita sam, an ce gari ba daɗi, shi ke nan.

31/ Saboda haka in wani ya ce min "kai ana kashe mutane kana maganar guje-guje", ba na jin haushinsa. Yana da hujja. Ni ma ba na cikin masu cewa wasanni za su kawo zaman lafiya, kamar ƙwallo ko tsere za su raba rigimar fili da ta shekara da shekaru. Aikin hukuma ne da shari'a, kuma sun san da haka.

32/ Abin da na gani da idona dai ƙarami ne. Hanyar da muka fi bi, watannin farko kallo ne kawai da shiru. Yanzu mata masu zuwa rafi suna yi mana sannu, yara suna bin mu a guje har kan tudu ba takalmi suna dariyar yadda muke haki. Rannan da muka yi mako uku ba mu zo ba, sai da aka tambaye mu ko lafiya. A wurin da mutane suka daina taka ƙasar juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

33/ Kenya ma ta san irin wannan. Tegla Loroupe, macen Afirka ta farko da ta ci fanfalakin New York a 1994, 'yar Pokot ce, yankin da satar shanu ta daɗe tana cin rayuka. A 2003 ta fara shirya tseren zaman lafiya a Kapenguria, ana gayyato matasan ƙabilun da ke faɗa su yi gudu tare. Satar shanu ba ta ƙare ba don an yi tsere. Amma ba ta jira sai ta ƙare kafin ta fara ba.

34/ Wani abin da ke cin hanyoyin nan a hankali kuma ba bindiga ba ne, bulo ne. Duk wanda ke fita bayan gari ya sani: hanyar da ka bi bara, bana ka tarar an yanka filaye an ja katanga ta tsakiyarta. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Matar da ke ɗauko itace da yaron da ke zuwa makaranta su ma sai sun yi dogon zagaye.

35/ A Ingila akwai dokar da ta ba jama'a haƙƙin wucewa ta wasu hanyoyin ƙafa ko da sun ratsa gonar wani. Suna cikin taswirar hukuma, da alamominsu, mai gona ba shi da ikon toshewa. Shi ya sa Bature zai fito daga gida ya yi kilomita 15 cikin gonaki da makiyaya ba wanda ya ce masa kanzil.

36/ Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. Mu ma muna da burtali, muna da hanyar rafi, hanyar kasuwa, hanyar maƙabarta, waɗanda kowa ya san ba a nomawa ba a ginawa. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu, mu muka bar namu a bakin dattawa. Kuma kun ga abin da cinye burtali ya jawo mana. Hanyar da aka auna, aka sa wa suna, aka ɗora a taswira, ta fi wuyar haɗiyewa a dare ɗaya.

37/ Na san wani zai taso min: wato kana so mutanen ƙauye su dawwama cikin laka don kai ɗan boko ka ji daɗin motsa jiki? A'a wallahi. Mai naƙuda tana buƙatar kwalta, buhun dankali yana buƙatar kwalta. A zuba. Roƙona shi ne in an zo zubawa a bar 'yar hanyar ƙasa a gefe. A hanyar Eldoret zuwa Iten haka masu gudu ke bin gefen titi a kan ƙasa. Mai tafiya da ƙafa da mai kora dabba ma sun huta da masu gudun ganganci.

38/ Mata fa? Biyu ne a cikinmu, ɗaya da hijabinta take gudu. Su suka fi kowa son hanyar ƙauye, don a titin gari kafin su yi kilomita ɗaya sun sha magana daga masu shayi da 'yan keke. Amma ba za su shiga daji su kaɗai ba, kuma da gaskiyarsu. Sananniyar hanya, mai sanannen lokaci, da jama'a a kai, ita ce za ta sa uba ya bar 'yarsa ta fita.

39/ Ga masu ganin abin bai dace da 'ya mace Musulma ba, Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ita ta ci zinaren fanfalaki a Paris a 2024, kuma da ɗankwalinta ta hau karɓar lambar a gaban duniya. Na bar muku nan.

40/ Kada kuma a ɗauka ina cewa Kenya aljanna ce. Matsalar shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta yi musu katutu. Shi kansa Abraham Kiptum da ya ci Legas sau biyu, a 2019 aka dakatar da shi shekara huɗu. A Iten ɗin nan aka kashe Agnes Tirop a gidanta a 2021. In kuɗi ya shigo, mugunta ma tana biyo shi. Hanyarsu nake so mu kwaikwaya, ba komai nasu ba.

41/ Mu dawo gida. Ba wai ba mu taɓa gwada tsere a ƙauye ba. Okpekpe, wani gari ne a kan tuddai a arewacin jihar Edo, tun 2013 ake tseren kilomita 10 a can, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba shi lambar yabo ta amincewa. Obudu ma an fara tseren hawan dutse a 2005 zamanin Donald Duke, da kyautar dala dubu 50, daga baya abin ya lafa.

42/ Duka biyun sun nuna duniya za ta zo ƙauyenmu in an kira ta. Amma wa ke cinyewa? Su dai. Don tsere yini ɗaya ne, a kafa rumfa, gwamna ya yi jawabi, a watse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron Pankshin yana buƙatar inda zai yi gudu ranar Talata da Alhamis na sauran makonni 51.

43/ Yuganda ta gane wannan. Kapchorwa, a gindin dutsen Elgon, ta ba su Stephen Kiprotich da ya ci fanfalakin Olamfik a 2012, ta ba su Joshua Cheptegei da ya karya bajintar duniya ta mita 5,000 da ta 10,000 a shekara ɗaya, 2020. Shekarun baya in ana lissafin ƙasashen dogon gudu ba kowa ke tuna su ba.

44/ Ku lissafa da kanku. Kyautar mutum ɗaya a Legas, dala dubu 50, fenti gwangwani nawa za ta saya? Agogon gudu nawa za a raba wa malaman motsa jiki na sakandaren Mangu da Pankshin da Gembu? Iyayenmu suna ba mu labarin tseren ratsa daji da ake yi tsakanin gidajen kwana a makarantunsu. Mu da muka zo baya, a makarantu da yawa ko labarinsa ba mu tarar ba.

45/ Kuma ƙauyen ma zai ci. A Iten baƙi daga Turai da Asiya suna biyan kuɗin ɗaki da abinci na makonni don kawai su yi gudu a jar ƙasar nan, har akwai matasan da sana'arsu ita ce yi wa baƙo jagora ko riƙe masa sauri. Mu ko baƙon waje bai zo ba, 'yan Abuja masu zagaya unguwa da agogo mai tsada sun isa. Jos ba ta yi musu nisa ba.

46/ Ni ban jira gwamnati a wannan ba, don in aka ce mata hanya sai ta ji kwangila. Da ɗalibai nake. 'Yan sashen labarin ƙasa da na motsa jiki a Jos, Bokkos, Pankshin: kuna ta neman abin da za ku rubuta a furojet na ajin ƙarshe, ga shi a ƙofar makarantarku. Hanya ɗaya, tsawonta, hawanta, yanayinta rani da damina, da sunan mai unguwar da ya amince.

47/ 'Yan Zariya, Bauci, Biu, Kagoro, Dutse, ku ma kuna da tuddai da hanyoyin gona. Tsayinku bai kai ba, to sai me? Ba kowa ne zai je Olamfik ba. Wani gwajin gudun shiga soja yake son ci, wani likita ne ya ce masa ya rage tumbi kafin hawan jini ya kayar da shi.

48/ Mu dai mun gama auna ɗaya. Kilomita 12 da 'yan kai, zagaye ce, tana da hawa uku, na ƙarshen shi ne mai raba aboki da aboki. Ba zan sa taswirar a fili ba tukuna sai mun koma mun sake zama da masu unguwannin biyu da ta ratsa, don izinin mutum bakwai muka nema, ba na intanet gaba ɗaya ba.

49/ Wanda yake Jos kuma da gaske yake, ya yi min magana ta ciki. Shida saura kwata muke haɗuwa, ba ma jiran kowa. Ka zo da ruwanka da katin makaranta ko wata shaida a aljihu, saboda shingen jami'an tsaro.

50/ Sannan don Allah masu sana'ar fenti, wane iri ne ke kama dutse ya jure ruwa? Lambobin da muka shafa a watan Maris, damina ta wanke daga ta 4 zuwa ta 9.